Sauya Wa Tuwo Suna: Raddi Ga Masu Dafa Wiwi A Cikin Man Shanu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya hankalin nan ya zama sharaɗin ɗora masa nauyin shari'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ɗan wani aminina ne, wanda ke karatu a ƙasar Kanada, ya aiko mini da tambayar da ta hana ni barci. Yaro ne mai ladabi, ya sauke Alƙur'ani tun bai gama sakandare ba, kuma ban taɓa jin an ce ya riƙe ko karan sigari ba. Ya ce: "Baba, abokan zamana a gida suna da wata tukunyar lantarki da suke dafa ganyen wiwi a cikin man shanu, su riƙa yin kek da biskit da man. Babu hayaki, babu wari, kuma dokar nan ba ta hana ba. Sun ce mini haramcin yana kan zuƙa ne saboda cutar da huhu, amma wannan abinci ne. Har cikinsu akwai Musulmi mai salla. Mene ne gaskiyar lamarin?"

Na ba shi amsa a taƙaice, sannan na ga ya kamata in faɗaɗa ta a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai shubuhar nan ta riska ba. Ina kuma sanar da mai karatu tun daga farko cewa ba zai sami bayanin yadda ake haɗa wannan abu a wurina ba. Abin da zai samu shi ne dalilin da ya sa bai kamata ya kusance shi ba.

Daga Ina Wannan Salo Ya Fito?

A watan Nuwamba na shekarar 2012 jihohin Kolorado da Washinton na Amurka suka kaɗa ƙuri'ar halatta wa manya amfani da tabar wiwi don nishaɗi, kuma ranar 1 ga Janairu, 2014 aka buɗe shagunan sayar da ita a Kolorado. Kanada ta bi sahu a matsayin ƙasa ranar 17 ga Oktoba, 2018, dokarta kuma ta ba mutum damar sarrafa ganyen ya zama abinci a cikin gidansa. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 na Amurka sun halatta ta, Jamus ma ta sassauta tata dokar a watan Afrilun 2024.

A daidai wannan tsakani ne wata tukunyar lantarki mai dafuwa da matsin tururi ta cika ɗakunan girkin waɗannan ƙasashe. Mafi shahara a cikin irinta ita ce Instant Pot, wadda aka ƙirƙira a Kanada, ta shiga kasuwa a 2010. Tukunyar ba ta da laifin komai. Ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah, tana nunar da wake da ganda da ƙafar saniya cikin ƙanƙanin lokaci, ta hutar da uwargida daga tsayuwa a gaban murhu. Amma sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi, wanda ake kira THC, yana narkewa ne a cikin mai, ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa masu son cin ta suke neman man shanu. Matsalarsu ta daɗe guda ce: wari. Duk wanda ya ɗora wiwi a kan wuta, maƙwabta sai sun sani. Da suka gano cewa tukunyar nan tana rufe bakinta ruf, tana tsare ƙauri, sai suka yi mata ca. Babban abin da masu wannan aiki suke yabon tukunyar da shi ke nan, wato mai gidan haya ba zai ji ba, iyaye ba za su ji ba, yara ba za su ji ba.

Ka riƙe wannan batu na wari da kyau, ya ɗan'uwana, domin za mu dawo kansa.

Shubuha Ta Farko: Wai Ci Ba Kamar Zuƙa Ba Ne

Wannan magana jahilci ne ninki biyu, jahiltar shari'a da jahiltar tarihi.

Ta fuskar shari'a, Allah bai rataya haramcin giya a kan maƙogwaro ko huhu ko kofi ba. Ya rataya shi ne a kan gushewar hankali. A aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida an ambaci dalilin a fili, wato jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da salla. Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya yi bayani a kan mumbari cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya kowane mai sa maye a cikin hukuncin giya, ya kuma haramta shi. Babu inda aka ce sai mai ruwa-ruwa, babu inda aka ce sai mai hayaki. Ko ka kurɓa, ko ka zuƙa, ko ka shaƙa, ko ka shafa a kan burodi, inda abin zai je guda ne, ƙwaƙwalwa.

Ta fuskar tarihi kuwa abin har da ban dariya. Malaman Musulunci da suka fara yin hukunci a kan wiwi, wadda Larabawa ke kira hashisha, ba su san ta a matsayin abin zuƙa ba. A Masar da Sham na wancan zamani cin ta ake yi, zuƙar hayaki ba ta yaɗu a can ba sai bayan shigowar taba wajen shekarar 1600. Masanin tsirrai ɗan Andalus, Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1248, ya ba da labarin yadda ya ga wasu a Masar suna mulmula ganyen kamar ƙwaya, wasu suna haɗa shi da riɗi da sukari suna taunawa, ya kuma shaida cewa ya ga ta taɓa hankalin masu yawaita ta. To a kan wannan hashisha da ake ci ne Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan hijira, ya yi fatawar cewa haramun ce, kuma mai cin ta ya cancanci haddin mashayin giya. A kanta ne Imam Zarkashi, wanda ya rasu a 794 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum mai suna Zahrul Arish. Ashe ke nan abin da abokan ɗana suke ɗauka sabuwar ƙofa ce da malamai ba su sani ba, shi ne ainihin tsohuwar ƙofar da malamai suka rufe shekaru fiye da 700 da suka wuce. Su kansu Turawa aro suka yi. A Maroko an daɗe da sanin wani haɗi na wiwi da zuma da mai da ake kira ma'ajun, kuma ta hannun wani Bature da ya zauna a birnin Tanja ne irin wannan haɗi ya shiga littafin girke-girken da wata Ba'amurkiya mai suna Alice Toklas ta fitar a 1954. Abin da ya ƙaru a yau kawai shi ne wayar lantarki.

Akwai wani hadisi da ya kamata duk mai wannan dabara ya tsaya a kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an haramta wa Bani Isra'ila kitse, sai wasu daga cikinsu suka narkar da shi, suka sayar, suka ci kuɗinsa, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi kakkausar addu'a a kan masu wannan aiki. Malamai sun yi bayanin cewa dabarar tasu ita ce, idan kitse ya narke sunansa ya canza, sai su ce ai ba kitse suka sayar ba. Dubi kamannin, ya mai karatu. Can an narkar da haram don ya sauya suna, nan ma an narkar da haram a cikin mai don ya tashi daga "taba" ya koma "abinci". Abu Dawud ma ya ruwaito daga Abu Malik Al-Ash'ari (RA) cewa Annabi (SAW) ya yi gargaɗin zuwan wasu mutane daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiran ta da wani suna daban. Bahaushe ya riga ya gama magana: an dai sauya wa tuwo suna.

Shubuha Ta Biyu: Wai Malamai Sun Yi Saɓani

Na san a cikin matasanmu akwai masu ɗan karatu da za su ce, ai Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan hijira, bai ɗauki hashisha a matsayin giya ba. Gaskiya ne, kuma amanar ilimi ta sa dole a faɗa. A littafinsa Al-Furuƙ ya kasa abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai gurɓata hankali, da mai gusar da ji da gani gaba ɗaya. Ya sanya hashisha a gida na biyu. Abin da ya biyo bayan wannan rabo a wurinsa shi ne, ita ba najasa ba ce, mai cin ta horo za a yi masa gwargwadon ganin alƙali maimakon haddi, sannan ɗan abin da bai kai ga taɓa hankali ba hukuncinsa ya bambanta da na ɗigon giya.

Amma a ina Ƙarafi ya ce ka ci har ka bugu? Babu. Shi da waɗanda suka saɓa masa duk sun haɗu a kan haramcin cin abin da zai juya hankali. Saɓaninsu a kan irin hukuncin da za a yi wa mai laifin ne, ba a kan ko laifi ne ba. Kuma a cikin mazhabar Malikiyya ɗin kanta, Shaihu Abdullahi Al-Manufi, malamin Shaihu Khalil mai Mukhtasar, ya zaɓi cewa mai sa maye ce, hujjarsa kuwa ita ce an ga masu ta'ammali da ita suna sayar da dukiyarsu saboda ita, wanda hakan ke nuna akwai daɗin da suke ji. Sannan Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (RA) ƙa'idar da ta toshe wannan kafa, cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Mu ajiye littattafai mu tambayi zuciya. Wanda ya sayi ganye da kuɗinsa, ya ɓata yini guda a kan tukunya, ya tace, ya daskarar, don me ya yi? Don ɗanɗano? Su da kansu suna neman cakulan da sukari su danne ɗacin ganyen. Babu wanda ke wannan wahala face don ya bugu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Shubuha Ta Uku: Wai Ya Fi Sauƙin Illa

Gaskiyar da ke cikin wannan magana ɗaya ce tak: wanda ya ci bai ƙona huhunsa da hayaki ba. Daga nan kuma sai sauran labarin da ba a faɗa wa yaranmu.

Wanda ya zuƙi wiwi yana jin ta cikin 'yan mintuna, don haka yakan san lokacin da ta kama shi. Wanda ya ci kuwa sai ta bi ta ciki, ta ratsa hanta, kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Ma'aikatar lafiya ta Kanada da kanta tana gargaɗin cewa abin yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin a fara jin sa, yakan kai awa 4 kafin ya cika ƙarfinsa, kuma yana iya zama a jiki har awa 12. A cikin hanta kuma THC yana rikiɗa ya zama wani sinadari da masana ke kira 11-hydroxy-THC, wanda shi ma mai bugarwa ne ƙwarai. Tarkon yana cikin jinkirin nan. Mutum ya ci yanki guda, ya jira, bai ji komai ba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai duk su taso masa lokaci guda, alhali babu hanyar mayar da abin da ya riga ya shiga jini.

Haka ta faru a birnin Denba na jihar Kolorado a watan Maris na 2014, ƙasa da wata uku da buɗe shaguna. Wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya sami biskit guda mai ɗauke da miligiram 65 na THC, wanda mai shago ya ce a raba shi kashi shida. Ya ci kashi ɗaya, bai ji komai ba, sai ya cinye sauran. Bayan 'yan sa'o'i hankalinsa ya juya, ya yi tsalle daga hawa na huɗu na otal, ya mutu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoton lamarin a 2015. A shekarar 2014 ɗin dai, fitacciyar marubuciyar jaridar New York Times, Maureen Dowd, ta ba da labarin yadda ta ci alawar wiwi a wani otal a Denba, ta kwashe kimanin awa 8 a kwance cikin firgici da gane-gane. Wani bincike da aka yi a asibitin Jami'ar Kolorado, aka buga a 2019, ya gano cewa wiwin ci ba ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake sayarwa a jihar ba idan aka auna da yawan THC, amma ita ce sanadin kusan kashi 11 cikin 100 na masu zuwa sashen gaggawa saboda wiwi.

Lura fa, waɗannan duk kayan shago ne, masu awo da rubutu a jikin kwali. Kanada ta ƙayyade miligiram 10 na THC a kowane ƙunshin abincin wiwi da ta yarda a sayar. To man shanun da ɗalibi ya haɗa a ɗakin girki, wa ya auna shi? Bai san ƙarfin ganyen da ya saya ba, bai san nawa ya narke a cikin man ba, bai san ko wannan gefen kek ɗin ya ninka wancan ba. Ga shi kuma ganyen yau ba irin na jiya ba ne: awon da aka yi wa wiwin da hukumomin Amurka suka kama ya nuna ƙarfin THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014. Binciken da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019, wanda aka gudanar a wurare 11 a Turai da Barazil, ya nuna masu amfani da wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa ba kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfi ce, kusan sau 5. CDC kuma ta ce kusan mutum 3 cikin kowane 10 masu amfani da ita sun kai matsayin da ta zame musu cuta.

Yanzu mu zo kan salla, wadda ita ce jarin Musulmi. Duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san gushewar hankali tana warware alwala, kuma aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye har sai mutum ya san abin da yake faɗa. Yi lissafi da kanka. Wanda ya ci yankin kek ɗin nan bayan Azahar, La'asar za ta same shi yana hawa, Magariba ta same shi a ƙololuwa, Isha'i ta same shi bai sauko ba. Loma guda ta cinye salloli uku. Wannan shi ne abin da ake ce mana ya fi sauƙi?

Waɗanda Ba Su Ji Ba Ba Su Gani Ba

Karan wiwi ba ya yaudarar yaro, yana ganin sa ya san ba abinci ba ne. Amma biskit fa? Man shanu a cikin firji fa? Mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga a Janairun 2023 cewa yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci abincin wiwi bisa kuskure sun tashi daga 207 a shekarar 2017 zuwa 3,054 a 2021. A cikin shekaru biyar ɗin an ƙirga yara sama da 7,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka kwantar da su a asibiti, kuma mafi yawansu a cikin gidajensu abin ya same su. Man da aka haɗa a gida ba shi da kwali, ba shi da tambarin gargaɗi, ba shi da murfin da ke gagarar yaro. Baƙo zai iya shafa shi a burodi, ƙanwa za ta iya soya ƙwai da shi, mai azumi zai iya buɗe baki da kek ɗin. Wanda ya ajiye shi ya ɗauki alhakin duk wanda ya faɗa ciki, domin ya haƙa rami ne a tsakar gida ya rufe da tabarma.

Shubuha Ta Huɗu: Wai Doka Ta Yarda, Kuma Magani Ce

Dokar Kanada ta yarda da giya, ta yarda da caca, ta yarda da riba. Yaushe majalisar dokokin wata ƙasa ta zama mai halatta wa Musulmi abin da Ubangijinsa Ya haramta? Musulmi yana kiyaye dokar ƙasar da ya shiga da amana, ba ya karya abin da ta hana, amma abin da ta ƙyale ba ya zama wajibi a kansa, ballantana ya zama halal. Kuma dokar da ake tinƙaho da ita ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda ya ba ƙaramin yaro wiwi. Da abinci ne kamar sauran abinci, me ya kawo wannan? Sannan ka tambayi kanka su wa ke cin ribar wannan "'yanci". A 2018 kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sanar da zuba dala biliyan 1.8 a wani kamfanin wiwi na Kanada, shi kuma kamfanin giya na Constellation Brands ya zuba kimanin dala biliyan 4 a wani. Masu taba da masu giya ne suka sake shago, ciniki dai shi ne na da.

Batun magani kuwa, ba ma musun cewa Allah Ya sanya amfani a cikin tsiron. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, wanda aka tato daga sinadarin CBD da ba ya sa maye, domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Tun 1985 ma akwai maganin da ake ba masu cutar daji don rage amai. Malamai suna da babi na musamman a kan lalura da magani, da sharuɗɗansa: cuta tabbatacciya, likita amintacce, awo sananne, da rashin wani abin da zai maye gurbinsa. Ina wannan ina saurayi lafiyayye da tukunya a ɗakin haya? Wanda ya naɗa kansa likita kuma ya naɗa kansa majinyaci don ya sami hanyar buguwa, ya tuna cewa Muslim ya ruwaito yadda Ɗariƙ ɗan Suwaid (RA) ya nemi izinin haɗa giya don magani, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce.

Mu Dawo Kan Batun Wari

Na ce za mu dawo. A ganina nan ne asirin lamarin yake. Warin wiwi, duk da muninsa, wani shinge ne. Shi ke sa saurayi jin kunyar shiga sahu a masallaci, shi ke sa uwa ta farga tun da wuri, shi ke sa budurwa mai mutunci ta ce Allah Ya kiyaye. Tukunyar da ta kashe warin ta rushe shingen ne, ta bar gubar. Muslim ya ruwaito daga Nawwas ɗan Sam'an (RA) cewa Annabi (SAW) ya siffanta zunubi da abin da ke yi maka kai-kawo a ƙirji, kake ƙin mutane su gane shi. Aya ta 108 ta Suratun Nisa'i kuma ta zargi masu ɓuya daga mutane alhali ba sa jin kunyar Allah wanda ke tare da su. Idan abinci ne na halal, don me ake neman tukunyar da za ta ɓoye shi daga mahaifiya? Wa ya taɓa ɓoye ƙamshin miyar kuka?

Mu a arewacin Nijeriya mun riga mun ga irin wannan da idonmu. Maganin tari mai kodin ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure da ba za su taɓa kunna karan wiwi ba, saboda ba shi da hayaki, ba shi da wari, kuma ana juye shi a robar lemo. Sai da ɓarnar ta kai inda ta kai, BBC ta fallasa ta a 2018, sannan gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 masu amfani da wiwi a Nijeriya. A 2021 kuma hukumar NDLEA ta sanar da kama masu sayar da biskit ɗin da aka haɗa da wiwi a Abuja, har da zargin sayar wa 'yan makaranta. Ƙasar da ke da wannan yawan mashaya, idan wiwi ta koyi shiga cikin kek ɗin biki da cincin ɗin salla, wa zai iya tare ta? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Nasiha Ga Ɗana Da Sauran Matasa

Ya ɗana, ga abin da nake ba ka shawara, kai da duk wanda ke cikin irin halinka. Kada ka ci wani abu da aka toya a gidan da ka san ana wannan aiki sai ka tabbatar da abin da ke ciki, kuma ka ware tukunyarka da mazubin manka. Ka faɗa wa abokan zamanka matsayinka sau ɗaya, a fili, cikin ladabi, domin mai noƙe-noƙe shi ake ja. Idan ka sami halin sauya gida, ka sauya, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ɗan'uwanka Musulmi da ya faɗa ciki kada ka tozarta shi a gaban mutane, ka ja shi gefe ka nuna masa abin da ka sani, wataƙila shi ma shubuhar ce ta kayar da shi. Idan kuwa ka ga wani ya ci ya rikice, musamman yaro, kada tsoron tonon asiri ya hana ka kiran motar asibiti nan take, ka kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya ci. Rai ya fi suna.

Wanda kuma ya riga ya saba, har yana jin ba ya iya barci ko cin abinci sai da ita, ya sani ƙofar tuba a buɗe take, kuma neman taimakon likita ba abin kunya ba ne. Ƙunci da rashin barci da saurin fushi da ke biyo bayan dainawa sukan yi tsanani a makon farko, sannan su riƙa sauka. Ya zubar da abin da ya rage, ya wanke tukunyar, ya mayar da ita ga dafa wake.

Iyaye da ke tura 'ya'yansu karatu ƙasashen waje, ku ma ku sani cewa tambayar "kana shan taba?" ta daina wadatarwa. Ku zauna da su ku yi musu bayanin wannan sabon salo kafin wani ya riga ku.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma daga gare ni ne, ina neman gafararSa.